Ƙara Murya Ba Ya Dawo da Magana: Makarɓin Waya da Aikin Keɓaɓɓun Kalmomi

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun san wata irin takarda da ke yawo a shagunan fotokwafi na Samaru: takardar darasi da aka kwafa daga kwafi, shi ma daga wani kwafin, har asalinta ya ɓace. Abin da ke fara tafiya a irin wannan takarda shi ne lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, daga nan sai ɗigon i, sannan ƙananan haruffa su fara narkewa cikin juna. Idan aka roƙi mai shago ya ƙara baƙin tawada, haruffan za su yi duhu, amma dattin da ke kewaye da su ma zai yi duhu tare da su. Mafita ɗaya ce: a miƙa takardar ga mai buga rubutu wanda ya san ƙa'idojin Hausa, ya dubi kowane gurɓataccen harafi, ya yanke hukuncin ko wane ne, ya sake buga shi sabo fil.

Wannan matsala ita ce ke faruwa a cikin kowace wayar sadarwa, sau miliyoyi a daƙiƙa guda, kuma maganinta iri ɗaya ne da na mai buga rubutu. Na'urar da ke zaune a ƙarshen waya tana karɓar saƙo ba ta dogara ga ƙara ƙarfin abin da ya iso kawai. Tana aiki ne da sanin ƙa'idar da mai aikawa ya bi. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, Hausa ba za ta samu keɓaɓɓun kalmomin sadarwa masu rai ba muddin ana fassara su daga ƙamus ba tare da an fahimci yadda na'urorin ke aiki ba, kuma manazarta Hausa suna riƙe da rumbun kalmomin da aikin ke buƙata, a fagen tsarin sauti da nazarin waƙa, ba tare da sun lura ba.

Waya a Sabon Gari

Sabon Garin Zariya ya girma ne a gefen layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Tare da dogo wayar tangaraho take tafiya, domin da ita tasha ke sanar da tasha tasowar jirgi. Daga wannan zamani kalmar waya ta yi rassa a bakin Bahaushe: gidan waya, buga waya, wayar tarho, wayar iska, har zuwa wayar salula, wadda ake kira waya alhali ba a ganin ko zare ɗaya a jikinta. Harshen bai taɓa gazawa wajen raɗa wa abin suna ba. Inda aka tsaya shi ne cikinsa. Fiye da shekara ɗari Bahaushe yana buga waya, amma da wuya a sami shafi guda na Hausa da ya bayyana abin da ke faruwa tsakanin bugu da isar saƙo.

Zuwan GSM a 2001 bai kawar da waya ba, ɓoye ta ya yi. Tazarar da murya ke yi a iska gajera ce, daga hannu zuwa turken sadarwa mafi kusa. A shekarun farko, muryoyin da turken ya tattara akan ɗaure su cikin wani tsari da ake kira E1 kafin a miƙa su ga cibiya. Tsarin yana ɗauke da bit 2,048,000 a daƙiƙa, wato alamomin ɗaya da sifili, an raba su gida 32. Gida 30 na murya ne, kowanne da bit 64,000, domin ana auna muryar sau 8,000 a daƙiƙa a rubuta kowane awo da bit 8. A yau zaren gilashi ya karɓi dogon zango, amma wayar jan ƙarfe tana nan a ofisoshi da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da shagunan intanet na Samaru da Sabon Gari, kuma a ƙarshen kowace ɗaya akwai makarɓi. An zaɓi E1 a nan ne saboda matakansa a bayyane suke, kuma ginshiƙan aikin ba su sauya ba a sababbin na'urori.

Abin da waya ke yi wa saƙo

Mai aikawa yana tura bugun lantarki mai kaifin gefe, ƙarfinsa bolt 3 a kan tagwayen waya masu murɗe. Waya tana cinye wannan ƙarfi a hankali. Ana auna asarar da desibel: desibel 6 na nufin rabi ya tafi, desibel 40 na nufin kashi ɗaya cikin ɗari ne ya rage. Makarɓan dogon zango an ƙera su ne su jure asarar da ta kai desibel 43, inda bolt 3 ya koma kusan kashi 2 cikin ɗari na bolt guda. Saboda haka a tsohon tsari akan dasa na'urar sabunta saƙo kusan kowace kilomita 2. Da a ce za a ja irin wannan waya daga PZ a bi ta Kwangila da Palladan zuwa Samaru, sai an sabunta saƙon sau da dama kafin ya isa.

Da raguwar ƙarfi kaɗai ce matsalar, da abin ya zo da sauƙi. Wahalar ita ce waya ba ta yin adalci wajen ci. Kowane bugu haɗin kaɗawa ne iri-iri, masu sauri da masu nawa, kuma masu saurin su ne ke ba shi kaifin gefe. Lantarki mai saurin kaɗawa yana gudu ne a fatar waya, ba ya shiga tsakiyarta, don haka hanyarsa ta fi ƙunci kuma asararsa ta fi yawa. Sakamakon shi ne bugun da ya taso a tsaye kamar tubali ya iso a baje kamar tudun yashi, jelarsa ta malala cikin gurbin bugun da ke biye da shi. Gurbin kowane bit a E1 bai kai rabin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, saboda haka malala kaɗan ta isa ta sa sifili ya yi kama da ɗaya. A kan wannan kuma ga hayaniyar da wayar ke kwasowa daga janareta da tsawa da maƙwabtan wayoyi.

Tarihi ya riga ya gwada maganin ƙara ƙarfi. A 1858 aka shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin Tekun Atlantika, kuma saƙon Sarauniya Victoria mai kalma 98 ya ɗauki kimanin sa'o'i 16 kafin ya kammala isa Amurka. Wildman Whitehouse, jami'in lantarki na kamfanin, ya ɗora wa wayar bolt kusan 2,000, kuma cikin 'yan makonni ta mutu. William Thomson ya bi ta wata fuskar, ya ƙera makarɓi mai ɗan madubi da ke nuna motsin lantarki komai ƙanƙantarsa. Ra'ayinsa ne ya yi nasara: a gyara kunnen mai sauraro maimakon a sa mai magana ihu.

Matakan makarɓi

Makarɓin zamani ɗan guntun silikon ne da bai fi farce girma ba, kuma aikinsa yana bin matakai a jere.

Da farko saƙon yana ratsa ƙaramar taransifoma wadda ke raba na'urar da haɗarin da ke kan layi, sannan a auna bambancin da ke tsakanin tagwayen wayoyin. Hikimar murɗe su ke nan: hayaniyar waje tana faɗa wa dukansu daidai wa daida, don haka idan aka debe ɗaya daga ɗaya sai ta soke kanta, saƙo ya rage. Akwai kuma abin da ke shanye ƙarfin saƙon a ƙarshen layi don kada ya yi tsalle ya koma baya ya dawo a matsayin kuwwa.

Mataki na biyu shi ne daidaitawa, kuma a nan ne aka bambanta da mai ƙara tawada. Na'urar tana ƙarfafa kaɗawa masu sauri fiye da masu nawa, gwargwadon abin da wayar ta cinye wa kowannensu, har bugun ya sake tsukewa cikin gurbinsa. Tun da ba ta san tsawon wayar ba, sai ta riƙa duban siffar abin da ke fitowa tana gyara kanta. Robert Lucky ne ya fito da madaidaici mai gyara kansa a ɗakunan bincike na Bell a 1965.

Na uku shi ne haddi. Na'urar tana lura da ƙololuwar bugun da ke isowa, ta ja layi a wajen rabinsa: abin da ya haura layin bugu ne, abin da ya gaza babu ne. Haddin ba kafaffe ba ne. Yana hawa yana sauka tare da ƙarfin saƙon.

Na huɗu shi ne mafi ban sha'awa. Babu wata waya ta daban da ke sanar da makarɓi lokacin da bit ya fara ko ya ƙare. Dole ya ciro lokacin daga cikin saƙon kansa. Yana da agogonsa na ciki, wanda yake gwadawa da gefen kowane bugu da ya iso: in agogon ya yi gaba ya ja shi baya, in ya yi baya ya tura shi gaba, har tafiyarsu ta zo ɗaya da ta mai aikawa. Sannan ya dubi saƙon a tsakiyar gurbi, inda ya fi tsabta, ya yanke hukunci.

Duk wannan zai rushe idan aka sami dogon jerin sifili, domin shiru ba shi da gefen da za a kama. A nan ne ƙa'idar mai aikawa ta shigo. A tsarin da ake kira HDB3, kowane ɗaya bugu ne, kuma bugun yana karɓa-karɓa: wannan sama, na gaba ƙasa. Ba a yarda sifili ya wuce uku a jere ba. In huɗu suka zo, mai aikawa yana maye gurbinsu da wani tsari mai ɗauke da bugun da ya karya dokar karɓa-karɓa da gangan. Makarɓi yana ganin wannan ya gane alamar, ya mayar da sifilan huɗu. Karyewar doka da ba ta dace da wannan tsari ba kuwa shaida ce ta kuskure, kuma ana ƙirga ta. Bayan haka akwai wata alama, 0011011, da ke dawowa a kafaffen wuri don a san inda rukunin bit ke farawa.

Abin da ya fito daga ƙarshe sabon bugu ne mai kaifi, ba tsohon da aka ƙarfafa ba. Wannan ita ce fa'idar da Alec Reeves ya hango a ƙarshen shekarun 1930 lokacin da ya ƙirƙiro mayar da murya lambobi: hayaniya ba ta taruwa daga zango zuwa zango.

Kalmomin suna gida

Manazarcin Hausa da ya bi waɗannan matakai zai ji kamar ya taɓa ratsa hanyar. Malalar bugu cikin gurbin maƙwabcinsa tana da suna a tsarin sauti: naso. Kalmar ta fito ne daga yadda danshi ko rini ke ratsa abin da ke kusa da shi, masana suka ɗauke ta don tasirin sauti a kan sautin da ke maƙwabtaka da shi, kuma ta dace da abin da ke faruwa a waya fiye da duk wata doguwar fassara. Nason bugu kalma biyu ce da ɗalibi zai riƙe.

Ciro lokaci daga cikin saƙo kuwa shi ne abin da mai sauraron waƙa ke yi. Ba a ba shi ma'aunin waƙar a takarda. Daga jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi yake kamo karin, kuma da zarar ya kama, zai ji inda gaɓa ta faɗi ko ta yi yawa. Tun bayan nazarin M.K.M. Galadanci na 1975 a kan dangantakar karin waƙoƙin Hausa da arulin Larabci, wannan ya zama makami a hannun masu tace rubutattun waƙoƙi: baitin da ya karya kari alama ce ta kuskuren mai kwafi ko kuma gangancin mawaƙi, kuma aikin manazarci ne ya rarrabe biyun. Wannan rarrabewa ita ce dai makarɓin HDB3 ke yi. Kamo kari ya fi dawo da agogo ma'ana a kunnen Bahaushe, domin babu agogon da ya ɓace balle a dawo da shi. Haka nan alamar da ke dawowa a kafaffen wuri aikinta ɗaya da babban amsa-amo, wanda ke sanar da mai sauraro ƙarshen baiti ko da rubutun ajami bai raba layuka ba. Dusashewa, naso, madaidaici, haddi, kamo kari, sabuntawa: babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙago daga iska.

Akwai misali a kan abin da ke faruwa idan aka bar kalma ta yi tafiya ba tare da fahimta ba. A zamanin gajeren zango, gidajen rediyo suna sanar da cewa ana kama su a kan mita 49 ko 31, kuma daidai ne, domin tsawon zangon ake aunawa da mita. Da tashoshin FM suka zo, sai aka ci gaba da cewa mita kaza da ɗigo kaza, alhali lambar tana nufin miliyoyin kaɗawa a daƙiƙa. Awo biyun ma kishiyoyin juna ne: in ɗaya ya hau, ɗayan sauka yake yi. Kalmar ta zauna daram, kuma malamin kimiyya da zai koyar da Hausa sai ya fara da warware ta.

Hujjojin masu ja

Za a ce injiniyoyi da Ingilishi suke karatu, masu gyara kuma sun riga sun ari kalmominsu, kamar sigina da sabis da kebul, don haka aikin ɓata lokaci ne. Gaskiya ne waɗannan kalmomi sun zama Hausa kuma babu dalilin korar su. Amma aro yana kawo sunan abu, ba ya kawo dalilinsa. Matashin da ke ja wa shago wayar intanet ya ji cewa kada ta wuce mita 100, ya kuma san a kasuwa akwai waya ta jan ƙarfe zalla da ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. In bai san dalilin dokar ba, idan layi ya riƙa yankewa zai ɗora laifin ga kwamfuta, ya sauya abin da lafiyarsa ƙalau, mai shago ya biya. Wanda aka yi wa bayanin dusashewa da naso da harshen da yake tunani da shi zai fara da auna tsawon wayar da duba ingancinta. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu, kuma a nan ana biyansa da kuɗi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: kamance yana iya yaudara. Wannan gargaɗi ne da ya kamata a karɓa. Mai karatun boko da ya ga gari ko gado ko kuka yana gane wadda ake nufi ne daga ma'anar jimla, tun da rubutun bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba. Makarɓi ba ya yin haka. Bai san ko bit ɗin da ke wucewa gaisuwa ce ko kuɗi ba, siffa kawai yake bi. Saboda haka misalin kari da amsa-amo ya halatta, domin su ma siffa ce, amma misalin fahimtar ma'ana bai halatta ba. Wannan tacewa ba za ta yiwu daga ɓangare ɗaya ba. Injiniya ne zai ce ga inda kamancen ya tsaya, masanin harshe kuma ya ce ga kalmar da za ta zauna a baki.

Darasin da ya koma gida

Cinikin ba na hanya ɗaya ba ne, domin makarɓi ma yana da abin da zai koya wa manazarta. Sabuntawa tana da haɗarin da ƙara tawada ba shi da shi: idan aka yanke hukunci ba daidai ba, kuskuren zai fito tsaf kamar gaskiya, babu wani tabo da zai tona shi. Mai buga rubutun da ya karanta ƙafa a matsayin kafa ya samar da shafi mai tsabta mai ɗauke da ƙarya. Injiniyoyi sun san wannan, shi ya sa makarɓi yake ƙirga kurakuransa, kuma idan saƙo ya yi rauni fiye da kima ba ya kintace: yana ayyana cewa saƙo ya ɓace, a tura jerin ɗaya zalla don na gaba ya san akwai matsala a baya. A wannan lokaci da ake mayar da rubuce-rubucen ajami da tsofaffin kaset na makaɗa zuwa kwamfuta, wannan ladabi ne da ya kamata a kwaikwaya: a nuna inda aka gyara, a bar gurbi inda ba a ji ba, a adana asali kusa da kwafi.

Zariya ta taɓa yin irin wannan aiki. A nan Hukumar Talifi ta zauna, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan R.M. East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyyar halitta da Hausa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya nuna cewa masana na iya zama su amince da kalmomin fanni, su kuma koyar da su har su kama ƙasa. Shi ya sa a yau ake rubuta kundin digiri a kan tsarin sauti da Hausa zalla. Abin da aka yi wa ilimin harshe da adabi ba a yi wa sadarwa ba tukuna.

A harabar Samaru, masu koyar da injiniyancin sadarwa da masu koyar da Hausa tafiyar ƙafa ce ta raba su. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinsu ba: a zaɓi na'ura ɗaya, kamar makarɓin waya, injiniya ya yi bayanin aikinta mataki-mataki, ɗalibin Hausa mai neman babban digiri ya rubuta bayanin a shafi biyar, kalmomin su fito daga cikin bayanin maimakon a jera su a gaba, sannan a kai shafukan ga masu gyaran waya da masu jan kebul a Sabon Gari, a ga waɗanne kalmomi suka riƙe, waɗanne suka yar. Kalmar da ta tsira daga teburin mai gyara ita ce ta cancanci shiga ƙamus.